Mai Duba Tikiti da Ya Zama Aljanin Yara

Shekara ashirin da biyu muka yi a gida ɗaya da Gernot Ziller a garin Erfurt na Jamus kafin wannan abu ya faru, shi a ƙasa, ni a bene na biyu. A tsawon lokacin nan ni Frau Dahlke ce a bakinsa, shi kuma Herr Ziller a nawa, wato Malama da Malam da sunan dangi, ko da kuwa a matakala muka yi kiciɓis kowa da kwandon shararsa.

Aikinsa na duniya duba tikiti ne a jirgin cikin gari. Shekara talatin da huɗu ya yi yana shiga ta ƙofar baya cikin kayan gida, ya lafe kamar fasinja, sai ƙofa ta rufe sannan ya zaro katinsa. Yakan faɗa da alfahari cewa ya taɓa kama limamin coci, ya kama malamar da ta koya masa karatu, surukarsa kuwa sau biyu ta shiga hannunsa. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai kama, sai ya juyo kanmu. Babu wanda ya naɗa shi mai kula da gida, amma kullum da safe yana bakin mazubin shara da safar hannu, yana binciken ko wani ya jefa gwangwani a wurin takarda. In ya samu, ya ɗauko abin ya ajiye a ƙofar mai laifi, da 'yar wasiƙa a kai. Nawa wasiƙun sun fi hamsin, suna cikin gwangwanin biskit. Rubutunsa dai kyakkyawa ne, wannan ba zan hana shi ba.

Yara ya fi tsana a cikin halittu. Duk ƙwallon da ta faɗa cikin furanninsa ta tafi ke nan, sai ɗakin ajiyarsa na ƙarƙashin ƙasa. Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku lokacin hutun rana ne, yaro na yin dariya a tsakar gida za ka ji tagarsa ta buɗe. Matarsa Hannelore ta ce za ta je Rostock ta duba 'yar'uwarta na mako biyu. A lokacin da nake ba da labari tana shekararta ta goma sha ɗaya a can, shi kuwa in an tambaye shi sai ya ce ta ɗan yi tafiya.

Abu ɗaya aka ba shi da ba a ba kowa ba, murya. Tana da kauri da gurnani, kamar ana jan tsohon kabad a kan daɓen katako, in ta kai ƙarshen magana kuma ta ɗan hau sama ta tsinke. Tun daga bene na huɗu ake gane ta.

A wata bazara Wiebke Lindau ta tare a saman ɗakina. 'Yar siririya ce mai shekara talatin da 'yan kai, tana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa yara fina-finan zane. Shekara huɗu ta yi a kan fim ɗaya. Labarin wata yarinya ne da iyayenta suka koma sabon gari, ba ta san kowa ba, sai ta haɗu da wani gajeren aljani mai koren gashi, sunansa Zottik, wanda yake zaune a ƙarƙashin gada yana kunna fitilun titi da atishawa. Zane ya kusa ƙarewa, kiɗa ya kammala, muryar aljanin ce ta gagara. Daga baya ta gaya mini 'yan wasa sittin ta saurara, kowanne yana marairaicewa yana neman yara su so shi, har abin ya ishe ta.

Kwana uku da tarewarta ta zubar da kwalayen kayanta ba ta ninke su ba. Ina shanya a baranda na ga Herr Ziller ya tare ta a bakin mazubi. Ya kai minti goma yana yi mata karatu a kan kwali, da abin da doka ta ce, da irin tarbiyyar da aka daina ba matasa. Ita kuwa ta saki baki tana kallonsa. Da ya tsaya jan numfashi ta ce:

"Herr Ziller, don Allah ka sake faɗa."

"In sake faɗin me?"

"Duka. Ka faro daga inda ka ce kwali ba ya ninke kansa."

Ya ɗauka raini ne, ya ƙara murya. Ta fito da wayarta ta danna. Ya ce ɗaukar muryar mutum ba da izininsa ba laifi ne da ake kai wa kotu, ya kawo mata lambar dokar. Wannan ma ta ɗauka.

Sau uku tana zuwa ƙofarsa neman ya yi muryar aljanin, yana korar ta. Ta ce yara za su so shi, ya ce bai nema ba. Ta ce za a rubuta sunansa a majigi, wannan ya ɗan ja hankalinsa amma bai sauko ba. A karo na huɗu ta ce matsalarta ita ce 'yan wasan yanzu duk suna haɗiye ƙarshen kalma, ta rasa mutum ɗaya a garin nan da yake furta Jamusanci yadda aka rubuta shi. Washegari ƙarfe takwas saura kwata yana tsaye a ƙofar kamfanin, ba a ma buɗe ba.

Wiebke ta roƙe ni in riƙa raka su, wai ganin fuskar da ya sani zai kwantar masa da hankali. Na ce fuskata ba ta taɓa kwantar masa da komai ba, amma na je, don ba zan yarda a ba ni labarin wannan ba.

Da jan biro ya shiga ɗakin ɗaukar murya. Ranar farko ba a ɗauki komai ba, gyaran waƙafi ya yi a takardar labarin. Rana ta biyu aka nuna masa inda yarinyar da Zottik suka hau jirgin cikin gari suna zagaya gari suna dariya. Ya ɗaga hannu aka tsayar da hoton.

"Ina tikitinsa?"

Wiebke ta ce, "Aljani ne fa, Herr Ziller. Ba mai ganinsa sai yarinyar."

"Yana zaune a kujera ko ba ya zaune?"

Ta ce yana zaune. Ya cire abin jin sauti daga kunnensa ya ajiye a hankali, ya ce ba zai ara wa wanda yake hawa jirgi a ɓagas muryarsa ba, mutum ne ko aljan. Masu zane uku suka yi mako biyu suna saka wa aljani tikiti a hannu, hoto bayan hoto. Wanda ya kalli fim ɗin zai gan shi, ɗan fari, har da hatimi, don ya ce tikitin da ba a buga ba takarda ce kawai.

Sauran aikin ya tafi daidai, saboda yawancin maganar Zottik mita ce, shi kuwa ba sai an koya masa mita ba. Inda aka maƙale shi ne ƙarshe. Yarinyar ta samu ƙawaye a makaranta, lokaci ya yi da aljanin zai koma ƙarƙashin gadarsa, sai ya ce mata: "Ke ce abokiyata ta farko, kuma ba na neman ta biyu." Herr Ziller ya karanta wannan kamar mai sanar da tasha ta gaba. Aka ce ya sake, ya karanta kamar mai yanke wa wani tara. Wiebke ta ce ya tuna wani da yake ƙauna. Ya yi tunani na gaskiya, sannan ya ce a ba shi wata shawarar. An ɗauka ya fi sau arba'in cikin kwana biyu.

A rana ta uku ya biyo daga wurin likitan haƙori, an saka masa sababbin haƙoran roba, na saman bai zauna ba. Ya shiga ya sha kunu, ya fara maganar a hankali, ƙasa-ƙasa, don kada haƙoran su zubo. Da ya kai "ta farko" sai suka zame, ya tsaya yana tura su da harshe, ya ƙarasa sauran murya na rawa. Mai kula da na'ura, wani ƙato mai zanen tawada a damtse, ya cire tabarau yana share ido. Wiebke ta ce an gama. Shi kuma ya ce a sake, haƙoransa ne. Ta ce ko kashe ta zai yi ba za a sake ba.

Fim ya fito gab da Kirsimeti, ya kuma karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Aka yi 'yar tsanar Zottik, aka buga shi a jikin jakar makaranta da kofin madara. Iyaye suna fitowa daga sinima da jajayen idanu. Wani marubucin jarida daga Berlin ya cika rabin shafi a kan ɗan shirun nan da ke tsakiyar maganar, ya ce a cikinsa akwai kaɗaicin duk tsofaffin ƙasar nan. Na yanke shafin na ajiye, ni da na san abin da ke cikin shirun.

Kada wani ya ɗauka mutumin ya yi laushi. Hanci ya fara hurawa. Ya sayi koren gyale na wuya mai kalar gashin aljanin, ko zubar da shara zai je sai ya naɗa. Wasiƙun ƙofa suka ci gaba da zuwa, sai dai yanzu a ƙasa yana sa hannu "Naku, Zottik". Gidan rediyon gari ya gayyace shi, ya je ya ce abota tana buƙatar tsari da kiyaye lokaci, kuma mutanen yanzu ba su san darajarta ba. Yaran gidanmu kam ba a yaudare su ba. Uwar wasu 'yan biyu da ke bene na huɗu ta ce aljanin na buɗe baki a sinima 'ya'yanta suka shige ƙarƙashin kujera.

A watan Fabrairu makarantar firamaren unguwarmu ta kira shi ya yi wa yara magana. Ni na yi shekaru ina dafa abinci a makarantar, har bayan ritaya in akwai taro nakan je in taya su, don haka ina tsaye a bayan zauren da faranti a hannu. Ya yi minti arba'in yana karanta takarda. Yara ɗari biyu suna zaune a ƙasa suna jiran ya yi atishawar Zottik, shi yana lissafa musu sharuɗɗan abokin kirki guda tara. Da aka zo tambayoyi, wata 'yar shekara bakwai mai tabarau ta miƙe.

"Herr Ziller, kai wane ne abokinka?"

Ya ce yana da su da yawa.

"Faɗi ɗaya."

Malamar ajin ta yi sauri ta ce lokaci ya ƙure, amma yarinyar ba ta zauna ba. Ya gyara gyale, ya dubi takardarsa, amsar ba ta ciki. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya bi zauren da kallo tun daga gaba har baya, kamar yadda yake bin fasinjoji a da, har idonsa ya sauka a kaina.

"Ga ta can. Frau Dahlke."

Kawuna ɗari biyu suka juyo. Aka fara tafi. Wata 'yar jarida da ta zo taron tana rubutu da sauri. Ni kuwa ina riƙe da farantin yankakken tuffa, ba ni da hannun da zan musa da shi.

Kwana biyu bayan haka na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Karon farko ke nan da ya hau bene wurina ba da wasiƙa ba. Yana riƙe da kek a kwali. Bai zauna ba, ya ce 'yar jaridar tana so ta ɗauki hotonmu ranar Alhamis da ƙarfe uku, abin da ake buƙata kawai in zauna kusa da shi in yi murmushi, ba zai wuce minti ashirin ba.

Na ce, "To, abokina, mene ne sunana?"

"Dahlke."

"Na yanka."

Ya ce yana jikin akwatin wasiƙa, R ne. Na ce R na me. Ya ce Rosemarie. Na girgiza kai. Ya ce Regina. Na karɓi kek ɗin na ajiye, na ce masa Renate ne, ya rubuta a tafin hannu kafin Alhamis. Sannan na faɗi sharaɗina: duk ƙwallon da ke ɗakinsa na ƙasa ta fito ta koma wurin mai ita. Ya ce waɗannan an ƙwace su ne bisa ƙa'ida. Na ce to ya nemi wata R ɗin.

Ranar Laraba da rana ya fito da su a buhu huɗu. Arba'in da uku ne, kowace da ranar kamu a rubuce a jikinta. Yawancinsu sun sace, wasu roba ta farfashe. Na manna sanarwa a ƙofar gida, amma masu su sun riga sun girma. Ɗaya ɗan sanda ne yanzu, ɗaya tana Hamburg da 'ya'ya uku. Wani mai gemu da iyayensa ke zaune a gidan maƙwabta ya zo da 'yarsa a kafaɗa, ya tona ya ɗauko wata ja, ya daɗe yana juya ta. Ya ce kyautar kakansa ce, ranar da aka ba shi ita aka ƙwace. Herr Ziller ya miƙa masa biro ya ce ya sa hannu cewa ya karɓa.

An ɗauki hoton. Ya fito a jaridar Asabar, shi da gyalensa, ni da murmushin da ya fi kama da ciwon ciki, a ƙasa an rubuta cewa abotar shekara ashirin ce ta koya masa yadda zai yi Zottik. Ƙanwata ta bugo waya daga Gera, ba ta iya cewa komai ba sai dariya, na ajiye kan.

Da aka ce za a yi fim na biyu, ya zauna ya rubuta wa kamfanin wasiƙa mai shafi talatin da takwas. Yana so a ƙara wa Zottik tsawo, a saka masa tabarau irin nasa. Yana so a rage maganar yarinyar, don a ganinsa ta cika surutu. Yana so a tsakiyar fim aljanin ya tsaya ya koya wa yara yadda ake raba shara. Kullum da yamma yana jiran Wiebke a gindin matakala da ƙarin shawara, har ta koma cire takalmi tana sanɗa. Kafin kaka ta kwashe kayanta ta koma Leipzig. Ta ce aiki ne ya kai ta. Ni na taya ta ninke kwalaye, na san abin da ya kai ta.

Bayan wata ɗaya amsa ta zo masa, layi biyar, cike da godiya. Sun samu wani ɗan wasa da ya iya kwaikwayon muryarsa, kuma ba ya zuwa da jan biro.

Ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa ƙafarsa ba za ta taka sinimar ba. Ranar Lahadin farko da fim ya fito, ƙarfe biyu na rana, sai ga shi a ƙofata da kwat da gyale da tikiti biyu. Ya ce ba gayyata ba ce, shaida yake buƙata.

Zauren ya cika da yara. Ya fito da ɗan littafi da ƙaramar tocila yana rubuta kurakurai. Gaskiya sabon mutumin ya iya. Gurnanin yana nan, tsinkewar tana nan, har rawar muryar ya kwaso, sai dai shi a kowace jimla yake yin ta, kamar mai jin sanyi. Yara suna ta dariya. Herr Ziller yana tsaki, ya juya ya yi wa na baya magana a kan harbin kujera, ya leƙa ya ce wa na gaba gugguru ba a ci da baki buɗe. A karo na uku matar da ke gabanmu ta juyo.

"Haba dattijo, ka bar yara su sake mana. Ka zauna ka kalla, wataƙila ka koyi wani abu wurin Zottik."

Na riƙe hannun rigarsa, amma ya riga ya miƙe.

"Ni ne Zottik."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce madalla. Sai ya gyara murya, ya dafa ƙirji, ya faɗi maganar nan ta ƙarshen fim na farko da ƙarfi, kowa na ji. To amma likita ya daɗe da gyara masa haƙoran, sun zauna daram. Maganar ta fito tas, kowace kalma da ƙarshenta, kamar ana sanar da tasha ta gaba.

'Yar matar, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta durƙusa a kan kujera tana kallonsa ta saman jingina. Ta ce, "Ba haka yake yi ba. Babana ya fi ka iyawa."

Daga baya wani ya ce a zauna, ana tare wa mutane. Ya zauna. Bai sake kunna tocilar ba har aka tashi.

Da muka fito ana yayyafi. Ya warware gyalen, ya ninke shi gida huɗu, ya saka a aljihun kwat. Muka taka har dandalin babban coci. A rumfar mai gasa bratwurst, naman nan da ake ɗurawa a hanji, ya saya mana biyu a cikin burodi, muka raɓe a ƙarƙashin rumfar muna ci. Can ya buɗe littafinsa ya ce kafin a katse shi ya riga ya samu kuskure goma sha tara, kuma yaron nan da aka ba aikin muryar yana haɗiye ƙarshen kalma kamar sauran. Ya kamata a sanar da Frau Lindau, in ji shi, sai dai ta tafi ba ta bar masa adireshi ba, ko ni ta bar mini?

Adireshin yana cikin jakata, da rubutun hannunta. Na ce masa ya ci, naman zai huce.